FUROTIN NA JIKI DA ABIN DA KE LIƘE MASA: BAYANI GA MASU GIDA

Jama'a, an rubuta wannan ɗan littafi ne domin a bayyana muku wani abu da ke faruwa cikin jikin kowane mutum dare da rana, wanda ido ba ya gani. In kun fahimce shi za ku gane dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya su ke ta nanata muku waɗansu maganganu, watau a sayi gishiri mai aidin, a kai jariri rigakafi, a rage shan zaƙi, a ɓoye maganin ƙwari. Maganganun nan kamar ba su da dangantaka, amma tushensu ɗaya ne. Wanda ya iya karatu, don Allah ya tara mutanen gida ya karanta musu, maza da mata.

MENE NE FUROTIN?

Furotin yana cikin manyan abubuwan da aka gina jiki da su. Tsoka furotin ce, haka gashi da farce da jijiya da yawancin fata. Muna samunsa cikin wake, da gyaɗa, da daddawa, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama. In mun ci, sai ciki ya wargaza shi ya zama ƙananan gutsattsari iri 20. Sa'an nan jiki ya sāke jera su yadda ya ke so, kamar yadda a ke jera ƙwayoyin tasbaha a zare. Da irin wannan jeri jiki ya ke yin furotin iri dubbai, kowanne da aikinsa. Wani ya ɗauki iska cikin jini, wani ya narkar da abinci, wani ya tsai da jini in an yi rauni, wani ya kai saƙo.

To, amma jeri kaɗai bai isa ba. Maƙeri ya kan ƙera ruwan fartanya, amma ba ta noma sai an sa mata ƙota. Haka furotin da yawa ba su iya aiki sai jiki ya liƙa musu wani ɗan ƙari. Ɗan ƙarin nan ƙanƙane ne ƙwarai, amma ya kan sauya halin furotin gaba ɗaya.

Dubi aikin majema. Ɗanyar fatar akuya in an bar ta kwana kaɗan sai ta yi wari ta ruɓe. Amma in majemi ya jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, abin da ke cikin bagaruwa sai ya kama furotin na fatar. Fata tana nan fata, amma halinta ya sāke, a yi jaka da ita ta yi shekaru.

Cikin jiki ma akwai wani ɗan ƙari da a ke kira fosfet. Jiki ya kan liƙa shi ya kuma cire shi, domin ya ta da wani furotin aiki ko ya tsai da shi, kamar mai kunna fitila da kashewa. Waɗansu masana biyu na Amurka, Edmond Fischer da Edwin Krebs, su suka gano haka wajen 1955, aka ba su kyautar Nobel a 1992.

Ɗan ƙari iri uku ne. Akwai wanda jiki ya ke bukata, akwai mai ɓarna, akwai kuma wanda likita ya ke yi da gangan don warkarwa. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

NA FARKO: ƘARIN DA JIKI YA KE BUKATA

Aidin da maƙoƙo

A gaban wuya, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tairod. Aikinsa shi ne ya yi wani babban furotin, ya liƙa masa wani sinadari mai suna aidin, sa'an nan ya gutsuro wuraren da aidin ya liƙe ya zuba cikin jini. Waɗannan gutsattsari su ke tsara saurin aikin jiki, da girman yaro, da ginin ƙwaƙwalwa.

In babu aidin cikin abinci, ɗan naman nan ya kan yi ta ƙoƙari a banza, har ya kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Amma abin da ya fi maƙoƙo muni shi ne abin da ke samun ɗan da ke ciki. Mace mai ciki in ta rasa aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi yaro gajere, mai nauyin fahimta, wani lokaci har da kurunta. Ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa tun a ciki kuwa ba ta gyaruwa daga baya.

Saboda haka ne a 1993 Nijeriya ta kafa doka cewa a sa aidin cikin gishirin ci. Uwargida, ki sayi gishirin da aka rubuta a jikin ledarsa cewa yana da aidin. Ki ajiye shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da laima, don aidin ya kan gudu in an bar shi a buɗe. Ba a ce ki ƙara yawan gishiri a miya ba. Babban mutum bai kamata ya wuce ƙaramin cokali 1 a yini ba, gama yawan gishiri yana kawo hawan jini. Rogo mai ɗaci kuma a jiƙa shi, a shanya, a dafa sosai, don wanda ba a gyara ba yana hana wuya amfani da ɗan aidin da ya samu. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura ya je asibiti a duba, don ba kowane kumburin wuya ne na rashin aidin ba.

Bitamin K da tsayawar jini

In ka yanke da lauje, ba da daɗewa ba jini ya kan daskare ya tsaya. Furotin da ke wannan aiki hanta ce ta ke yinsu. Amma kafin su fita daga hanta sai an liƙa musu wani ɗan ƙari, wanda ba ya yiwuwa sai da bitamin K. In babu shi, furotin suna nan cikin jini, amma kamar fartanya ce ba ƙota. Wani masani na ƙasar Danmak, Henrik Dam, ya fara lura da haka a 1929, sa'ad da ya ga 'yan tsakin da ya ke gwaji da su suna zubar da jini saboda wani abu da babu cikin abincinsu.

Manya suna samun bitamin K cikin ganye, kamar zogale da alayyafo da rama. Amma jariri sabuwar haihuwa da kaɗan ya ke zuwa duniya. Shi ya sa waɗansu jarirai su kan yi ta zub da jini ta cibiya, ko ta hanci, ko cikin kashi, wani lokaci ma cikin kai inda ba a gani. Maganin abin allura ce guda 1 tak a ranar haihuwa. Wanda aka haifa a gida a kai shi asibiti a ranar, a tambayi ungozoma wannan allura. Lalle a kula da haka, tun ba a gidajen da a ke kiran wanzami cikin makon farko ba. Cire belu da tsaga kuwa a bar su sam, gama jariri ba shi da jinin da zai yi asara.

Har wa yau, da yawa daga cikin magungunan ɓera da a ke sayarwa a kasuwa suna kashe ɓera ne ta hana bitamin K aiki. Yaron da ya ci irin wannan yana iya yin kwana 1 ko 2 yana wasa lafiya lau, sa'an nan jini ya ɓalle. Kada ka ce ai ba abin da ya same shi. Kai shi asibiti nan da nan, tare da ledar maganin.

Bitamin C da warkewar rauni

Furotin da ya fi yawa a jiki shi ne wanda ya ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, kamar yadda igiya ta ke riƙe jinka. Zarensa ba ya murɗewa ya yi ƙarfi sai an yi masa wani ɗan ƙari, shi kuwa sai da bitamin C. Wanda ya daɗe bai samu ba, dasashinsa ya kan kumbura ya yi jini, haƙora su yi girgiɗi, rauni ya ƙi warkewa. A 1747 wani likitan jiragen ruwa na Birtaniya, James Lind, ya gwada ba matuƙa masu wannan ciwo lemo, suka warke. Mu kuwa Allah ya hore mana gwaba, da mangwaro, da lemo, da tumatir, da garin ƙwallon kuka. A ba yara su ci ɗanye bayan an wanke, don doguwar dahuwa tana kashe bitamin C.

NA BIYU: ƘARI MAI ƁARNA

Sukari cikin jini

Kowa ya ga yadda tsire ya kan yi ja a bakin wuta, ko bayan burodi. Abin da ke kawo wannan launi shi ne sukari da ke liƙe wa furotin saboda zafi. Wani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana haka a 1912. To, irin wannan yana faruwa cikin jikin mutum, sai dai a hankali, cikin watanni da shekaru.

Tuwo da shinkafa da fura duk su kan zama sukari cikin jini, shi ne abincin tsoka da ƙwaƙwalwa. Wani furotin mai suna insulin shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari. Sukarin da ya taru ba ya zama haka kawai. Ya kan bi furotin na jijiyoyin jini yana liƙe musu, su yi tauri, su lalace. Ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa su suka fi shan wahala. Daga nan ne makanta ta ke zuwa, da ciwon ƙoda, da mutuwar tafin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, wurin ya zama gyambo.

Alamun ciwon su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari har da dare, rama ko da ana ci, kasala, da raunin da ya ƙi warkewa. Wani lokaci a ga tururuwa sun taru inda mutum ya yi fitsari. Amma da yawa su kan yi shekaru da ciwon ba wata alama. Saboda haka wanda ya kai shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda a ke da ciwon a danginsu, ya je a auna jininsa.

Wannan liƙewa ta sukari ta ba likitoci wata dabara. Cikin jan jini akwai furotin mai ɗaukar iska, sunansa himogulobin. A 1968 wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, ya lura cewa na masu ciwon sukari ya bambanta da na sauran mutane. Daga baya aka gane sukari ne ya liƙe masa. In ya liƙe kuwa ba ya sauka, sai ƙwayar jinin ta mutu, ita kuwa ta kan yi kamar kwana 120. Don haka in aka auna yawan himogulobin da sukari ya kama, sai a san yadda sukarin mutum ya kasance cikin wata 2 ko 3 da suka wuce. Sunan awon HbA1c. In ya kai kashi 6.5 cikin 100 ko ya fi, alamar ciwon sukari ke nan. Masu ciwon da yawa a kan so nasu ya tsaya wajen kashi 7. Wanda ya ƙi zaƙi ranar zuwa asibiti kaɗai ba zai iya ruɗin wannan awo ba. Amma mai sikila, da mai ƙarancin jini, da mai ciki, da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, su gaya wa likita, don awon yana iya yin kuskure a kansu, sai a yi musu wani iri.

Mai ciwon sukari ya sha maganinsa kullum, ko allurar insulin in ita aka rubuta masa. Ya bar lemon kwalba da shayi mai tulin sukari. Ya sani zuma ma sukari ce. Ya rage malmalar tuwo ya ƙara miyar ganye da wake. Ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi yawo ba takalmi. Kafin watan azumi ya shawarci likita. In kuwa bayan shan magani ya ji rawar jiki da gumi da jiri, sukari ne ya sauka ƙwarai, a ba shi ruwan sukari nan take in yana iya haɗiya.

Maganin ƙwari

Duk sa'ad da ka motsa hannu, jijiya ce ta aika wa tsoka saƙo. Da saƙon ya isa, akwai wani furotin da ke share shi nan da nan, don tsoka ta huta kafin wani saƙo ya zo. Magungunan feshi da yawa, har da wanda a ke kira fiya-fiya da duk mai ɗauke da haruffan DDVP, suna liƙe wa wannan furotin su hana shi aiki. Sai saƙo ya yi ta taruwa ba mai sharewa. Haka su ke kashe ƙwaro, haka kuma su ke kashe mutum.

Guba tana shiga ta baki, ta hanci, har ta fata mai lafiya. Alamunta su ne dalalar miyau, hawaye, gumi, amai, gudawa, motsin tsoka, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, ƙirji ya cika da majina, numfashi ya yi wuya.

In haka ta faru, ga abin yi. Fitar da shi zuwa iska. Tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, ka wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kai ma ka kare hannunka. Kwantar da shi a gefe ɗaya don kada ya shaƙe. Kada ka ɗura masa manja ko madara, kada ka sa shi amai, gama suna iya faɗawa cikin huhu. Ɗauki kwalbar maganin ku tafi asibiti ba tsayawa. A can akwai allura mai suna atirofin da ke busar da ƙirji ta taimaki numfashi. Akwai kuma wata da ke iya ɓamɓare gubar daga jikin furotin. Amma in aka yi jinkiri, gubar ta kan kafe yadda ba ta ɓamɓaruwa, sai dai a jira jiki ya yi sabon furotin, abin da ke cin makonni. Shi ya sa a ke cewa a yi sauri.

Mai gida, in za ka yi feshi sa doguwar riga da wando da takalmi, ka rufe hanci da baki, ka ba iska baya. Kada ka ci goro ko ka sha taba kana feshi. Kada ka busa bakin famfo da bakinka in ya toshe. Kada a zuba magani cikin kwalbar lemo, kada kuma a ɗebi ruwa ko mai da galan ɗin da ya ƙare. Kada a yayyafa shi a kan wake ko busasshen kifi, ko a kan gashin yaro don kwarkwata. Wake in ya bushe sosai a sa shi cikin buhun nan mai ruɓi 3 da iska ba ta shiga, a ɗaure tam, ƙwari za su mutu ba tare da guba ba.

Dafin ƙwayoyin cuta

Waɗansu ƙwayoyin cuta ma da wannan hanya su ke yi mana illa. Ƙwayar mashaƙo ta kan zauna a maƙogwaro ta riƙa fitar da dafi. Dafin ya bi jini ya shiga naman jiki, ya liƙa wani ƙari a kan furotin da ke taimakon jera sabbin furotin. Sai aikin jeri ya tsaya cik, wurin ya mutu. Zuciya da jijiyoyi su ya fi kamawa. Alamun ciwon su ne zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, wata fata mai ruwan toka da ke shimfiɗe cikin maƙogwaro, da kumburin wuya. Ko da magani, wajen mutum 1 cikin 10 ya kan rasu. Annobar da ta tashi a ƙarshen 2022 ta yi ɓarna ƙwarai a 2023, musamman a Jihar Kano, ta kuma taɓa yankin Damagaram a Nijar. Yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi musu rigakafi cikakke ba.

Kada a kai mai wannan ciwo wurin wanzami a kankare masa maƙogwaro. A kai shi asibiti a ranar. Maganin karya dafi yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kaɗai, wanda ya riga ya shiga nama ya wuce. Mutanen gidan su ma a duba su a ba su magani.

Ƙwayar kwalara kuwa cikin hanji ta ke zama. Dafinta ya kan liƙa ƙari a kan wani furotin da ke tsaron ƙofar ruwa a bangon hanji, ƙofa ta buɗe ta ƙi rufuwa. Sai ruwan jiki ya yi ta zuba kamar ruwan wankin shinkafa, babban mutum ya bushe cikin sa'o'i kaɗan. Amma akwai wata ƙofa dabam da dafin bai taɓa ba, wadda ke shigar da gishiri da ruwa in akwai ɗan sukari tare da su. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari. A narka ƙunshin ORS yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A fara ba shi tun daga gida, ana ba shi ana tafiya asibiti.

NA UKU: ƘARIN DA LIKITA YA KE YI DA GANGAN

Allurar rigakafi

Ku tuna da majemi da bagaruwarsa. A 1923 wani masani na Faransa, Gaston Ramon, ya ɗauki dafin mashaƙo ya jiƙa shi cikin wani ruwan magani mai suna fomalin. Fomalin ya kama furotin na dafin ya sauya halinsa. Kamanninsa suna nan, amma ba ya iya cuta. In aka yi wa yaro allurarsa, jiki ya kan gane kamannin ya shirya makamai, ran da na gaske ya zo sai ya tarar da tsaro. Haka a ke yin rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, wanda a ke yi wa mata masu ciki don ya kare su da jariransu. Duka biyu suna cikin allurar Penta, wadda a ke yi wa jariri yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Sau 3 ne, sau 1 bai isa ba. Ɗan zazzaɓi ko kumburin cinya na kwana 1 ko 2 ba abin tsoro ba ne. A adana katin rigakafi kamar yadda a ke adana takardar gona.

Asfirin

An fara haɗa asfirin yadda muka san shi a Jamus a 1897, amma sai a 1971 John Vane na Ingila ya gano yadda ya ke aiki. Yana liƙa ɗan ƙari a kan furotin da ke haddasa zafi da zazzaɓi, ya tsai da shi. Irin wannan furotin yana cikin waɗansu ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, su kuwa ba su iya yin sabo. Don haka ƙwaya 1 ta kan rage daskarewar jini har wajen mako 1. Shi ya sa likita ya kan rubuta ɗan kaɗan ga waɗansu masu ciwon zuciya. Shi ya sa kuma ya ke da haɗari ga mai gyambon ciki, da wanda za a yi wa aiki ko a cire masa haƙori. Mai ciki kada ta sha sai likita ya rubuta mata. Yaro ƙasa da shekara 16 mai zazzaɓi kada a ba shi asfirin, don yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. A ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa, a kai shi a auna jini don zazzaɓin cizon sauro.

Penisilin

Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928. Ƙwayoyin cuta da yawa suna da bango kewaye da su, da waɗansu furotin masu ginin bangon. Penisilin ya kan liƙe wa maginan nan, bango ya rushe, ƙwaya ta fashe. Naman jikin mutum ba shi da irin wannan bango, shi ya sa maganin ba ya rushe shi. Ƙwayoyin mura da na ƙyanda su ma ba su da shi, don haka kafso irin su amfisilin da amoksilin ba su yi musu kome. Yawan shansu ba dalili yana sa ƙwayoyin cuta masu taurin kai su yaɗu, waɗanda ke iya yanka maganin kafin ya kama su. A sha shi in ma'aikacin lafiya ya rubuta, a kuma sha yadda ya ce. Ga waɗansu mutane kaɗan penisilin ya kan liƙe wa furotin na jikinsu, jiki ya ɗauke shi baƙo ya yi faɗa da shi. Wanda ya taɓa yin ƙuraje, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi bayan ya sha, ya faɗa wa likita kowane zuwa.

ABUBUWAN DA ZA A RIƘE

1. A yi amfani da gishiri mai aidin, kaɗan, a rufe shi.
2. A yi wa jariri allurar bitamin K ran haihuwa, da Penta sau 3.
3. A ci ganye da 'ya'yan itace kullum in da hali.
4. Wanda ya kai shekara 40 ya je awon sukari ko ba ya jin kome.
5. A kulle maganin ƙwari da na ɓera nesa da yara da abinci.
6. Wanda ya sha guba, da mai fata a maƙogwaro, da mai gudawa kamar ruwa, asibiti a ranar.
7. Kada a ba yaro asfirin, kada a sha kafso ba da izinin ma'aikacin lafiya ba.

In akwai abin da ba ku gane ba cikin littafin nan, ku tambayi malamin asibiti ko ungozoma a asibitin da ya fi kusa da ku. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.